Yadda Bangalor ke tuna Appu, da yadda muke tuna namu a Jos

'Yan uwana na Jos, mu da muka taso da finafinan Indiya mun san Amitabh da Shah Rukh, amma da wuya a samu wanda ya san Puneeth Rajkumar. Ni ma sai da karatu ya kawo ni Bangalor na san shi. Da harshen Kannada yake fim, Appu suke ce masa. Ya mutu ranar 29 ga Oktoba 2021 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 46. Har yau hotonsa na manne a bayan Keke Napep ɗin garin nan, da shagon mai shayi, an rataya masa furanni.

Furannin da mutum-mutumi ba namu ba ne, addini bai yarda ba, ban kuma kawo su don a kwaikwaya ba. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Iyalansa sun ba da kyautar idanunsa kamar yadda aka yi wa mahaifinsa Rajkumar, likitoci suka gyara ganin mutum huɗu da su. Gidan Shakthidhama da ke Mysuru, inda yake ɗaukar nauyin mata da 'yan mata marasa galihu, bai rufe ba don ya mutu. Duk 17 ga Maris, ranar haihuwarsa, masoyansa kan kafa rumfa a bakin titi, a raba abinci kyauta, a yi layin ba da jini. Gwamnatin jiharsu ma ta ba shi lambar Karnataka Ratna a 2022, amma wannan bai dame ni ba, lamba ba ta ciyar da kowa.

Mu fa? Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota a farkon 2007. Rabilu Musa Ibro ya bi shi a Disamban 2014. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk shekara sai a ɗora hoto a Facebook, a jera "Allah ya gafarta masa", gobe a wuce. Addu'a ta fi komai, ban musa ba. Sai dai mu ne muke da sadakatul jariya a littafi, muke jin ta a bakin malamai tun muna makarantar allo, amma waɗanda ba su san sunanta ba su ne suke yin irinta a tsare.

Wani zai ce ai namu suna alheri a ɓoye, hannun hagu bai san abin da dama ta bayar ba. Gaskiya ne, kuma na yarda da yawansu sun yi. To amma alherin da ba a kafa masa tsari ba, ranar da aka binne mai shi ake binne shi. Shi ya sa har yanzu muke ganin bidiyon tsofaffin 'yan wasa a kan gadon asibiti ana nema musu kuɗin magani.

Jos ce hedikwatar Hukumar Finafinai ta Najeriya, ga furodusoshi, ga masu kallo birjik daga Unguwar Rogo har Titin Bauchi. Rijiyar burtsatse ɗaya da sunan Ahmad, ko ranar ba da jini a asibitin koyarwa duk farkon Janairu, ba ta fi ƙarfinmu ba. Wa zai fara kiran taron?