Ranar da Na Zagi Tsoho a Osaka Saboda Son Hoto

Wata biyu da zuwana karatu birnin Osaka na ƙasar Japan, na yanke shawarar sayen gilashin kyamara na hannu, irin mai milimita 50 wanda ƙofar haskensa take buɗewa sosai, domin in riƙa ɗaukar hoton da fuskar mutum za ta fito tangaran, bayansa kuwa ya narke ya zama dishi-dishi. Wannan dishi-dishin shi masu ɗaukar hoto suke kira boke, kalmar Japananci, kuma na karanta cewa a 1997 Mike Johnston, editan mujallar Photo Techniques ta Amurka, ya liƙa mata harafin h a wutsiya don kada Turawa su haɗiye wasalin ƙarshe. Bahaushe ba ya bukatar wannan agaji, tunda bakinsa ya saba da boko da boka da bokiti, saboda haka na shiga wani shago a unguwar Umeda ina taƙama kamar ɗan gari.

Mai shagon dattijo ne mai furfura, kuma a bangon bayansa an rataye hotonsa, fitilun titi sun zama ƙwallayen haske masu laushi kewaye da kansa. Don in nuna masa na san kan sana'ar, sai na miƙa yatsa saitin fuskarsa na ce da ƙarfi, "Boke!" Da na ga bai amsa ba, na ɗauka kunne ne ya yi nauyi, na ƙara murya na maimaita. Shagon ya yi tsit.

Abokin karatuna da ya rako ni ya ja ni gefe yana gumi, ya bayyana mini cewa kalmar ba ta tsaya a hoto ba. Da ita ake kwatanta wanda tsufa ya ruɗa masa ƙwaƙwalwa, a bakin mutanen Osaka kuma zagi ce kamar a ce wa mutum sakarai, har ma a wasan barkwancinsu na mutum biyu da ake kira manzai, boke shi ne dolon da ɗayan yake kwaɗa wa mari a ƙeya. Ya ce da na faɗi boke-aji da na tsira, domin aji a harshensu ɗanɗano ne, boke-aji kuwa ɗanɗanon dishi-dishin hoto kawai yake nufi. Ni kuwa da na ji boke da aji a jere, ajin boko ya faɗo mini a rai, dariya ta kuɓuce mini, dattijon yana kallona. Na ce ko za a ɗora laifin a kan jisa-boke, wato ruɗewar da bambancin lokaci yake jawo wa matafiyi, abokina ya ce wannan uzuri ya ruɓe tun makon farko.

Na sunkuya ban haƙuri har gadon bayana ya ƙage, na biya kuɗin gilashin ba tare da na duba na kusa da shi ba. Da dare na kira Hajiya ina ba ta labari cewa rabin kuɗin abincina na wata ya tafi wajen neman boke. Ta yi salati ta ce, "Ɗan nan, boko muka tura ka ko wurin boka?" Na fi minti goma ina rantsuwa.

Bayan mako guda na koma shagon da hoton abokina da na ɗauka, ina neman sulhu. Dattijon ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi murmushi ya ce, "Pinboke." Na sunkuya ina ta godiya, sai a bakin ƙofa abokina ya gaya mini ma'anarta: saiti ya kuskure, fuskarsa ce ta zama hazo. Na sake duba hoton da kyau. Abin da kaɗai ya fito tangaran shi ne wani jan bokiti a bayansa.