Rimin Zakara: Wa Ya Sa Hannu Katafila Ta Fito Da Dare?

Tun da aka yi rusau a Rimin Zakara da ke ƙaramar hukumar Ungogo a farkon watan Fabrairun 2025, aka yi arangama tsakanin mutanen gari da jami'an tsaro har aka rasa rayuka, akwai magana guda da ta kama bakin wasu 'yan boko, a Facebook da zaurukan hira, wadda take ƙona mini rai duk lokacin da na ji ta. Wai ai filin Jami'ar Bayero ne, kowa ya sani, 'yan kama-wuri-zauna ne suka mamaye, kuma ilimi ya fi gidan kowa. Da sun faɗi haka sai su kakkaɓe riga, a ganinsu an gama shari'a.

Masu wannan magana ba su kashe kowa ba, amma su ne suke sauƙaƙa wa hukumomi hanyar zillewa. Muddin aka mayar da batun gardama tsakanin jami'a da talakawa, wanda ya kamata a ritsa da tambaya ya tsira ke nan, wato hukumomin da aka ɗora wa alhakin tsara birnin Kano da kula da filayensa.

Babu mai hankalin da zai ce kada Jami'ar Bayero ta faɗaɗa. Makarantar da ta faro a matsayin kwaleji a 1960, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, yau tana ɗauke da dubban ɗalibai da ba su da isassun ɗakunan kwana, dole ta yi gini, dole ta ja katanga. Wannan ba abin musu ba ne, kuma ban ji mutanen ƙauyukan da ke kewaye da sabon matsuguninta na kan titin Gwarzo sun ce a rufe jami'a ba. 'Ya'yansu ma can suke burin shiga.

Abin da masu kare rusau ba sa son a tsaya a kai shi ne shekarun da ke tsakanin ranar da gwamnati ta keɓe fili a takarda da ranar da katafila ta iso. A lokacin da aka shata wa jami'a wannan yanki, wurin gonaki ne da ƙauyuka, birni yana can nesa. Yau birni ya cinye tazarar. Jihar da ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da miliyan 9 ba ta daina haihuwa ba, kuma waɗanda haya ta koro daga cikin gari gefen gari suke nufa. A duk tsawon waɗannan shekaru ina hukumar tsara birane, wadda a da ake kira KASEPPA, yanzu KNUPDA? Ina ma'aikatar ƙasa? Gida ba ya tsira a dare ɗaya. Sai an haƙa tushe, tifa ta sauke yashi da dutse, an buga bulo ya sha rana, an kai linta, an yi rufi, wata da watanni, wani ma shekara da shekaru. Duk a bainar jama'a ake yi. Hukumar da ta kasa ganin tushe ba ta da bakin yin fushi da rufi.

Duk wanda ya taɓa sayen fuloti na awon igiya a gefen Kano ya san yadda abin yake. Dillali ya kai ka, ya nuna maka kusurwa huɗu da aka kafa wa ƙarfe ko aka tara wa duwatsu. A zauna a ƙofar gidan mai unguwa, a rubuta takardar ciniki, mai sayarwa ya dangwala, shaidu biyu su sa hannu, a buga hatimi, a fitar da la'ada, a shafa fatiha. Mai saye ya naɗe takardar a leda ya kai ta ƙasan akwati, a wurinsa ya mallaki abin da zai bar wa marayunsa. Wannan mutumin, wanda wataƙila ɗan fansho ne da ya zuba kuɗin sallamarsa kaf, ko matar da ta sayar da awarwaronta ta haɗa da adashi, shi ake kira mai mamaya. To wanda ya yanka filin ya sayar fa? Wanda ya buga hatimi fa? Ma'aikacin da ya zo duba gini ya karɓi na goro ya juya fa? Ga jan fenti a bangon wanda aka cuta, su kuwa waɗanda suka cuce shi ko tabo babu a jikin katangarsu.

Sannan ba kowa ne ya saya ba. Akwai waɗanda ke cewa nan suka tarar da iyayensu da kakanninsu, nan gonakinsu da makabartarsu suke tun kafin a san za a yi jami'a. Amsar da ake ba su kullum ita ce an biya diyya tun tuni. Madalla. A fito da takardun. Wa aka biya, nawa, a wace shekara, na wace gona? Wannan ba roƙo ba ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin jama'a, haka sashenta na farko ya faɗa. Sashe na 28 ya ba shi ikon karɓe fili don buƙatar al'umma, sashe na 29 kuma ya wajabta diyya, haka ma sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 da ya ce a biya ba tare da jinkiri ba. Amma ga inda gizo ke saƙa: diyyar da dokar 1978 ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, shuka da itatuwa da gini, ba ta darajar ƙasar kanta ba. Manomin da aka ƙirga masa ɗorawa da mangwaro aka ba shi abin da bai kai ya sayi wata gona ba, in ya ci gaba da noma wurin domin babu wanda ya zo ya yi komai a kai har jikokinsa suka girma, da wane baki za a kira jikokin nan ɓarayin fili?

Wasu na cewa siyasa ce kawai, masu jar hula da abokan hamayyarsu ne ke neman abin jifan juna. Wannan hirar teburin mai shayi ce, domin matsalar ta girmi gwamnatin nan da wadda ta gabace ta.

Abin da na daɗe ina faɗa, kuma Rimin Zakara ta ƙara tabbatar mini, shi ne birnin Kano ba shi da mai shi. Ƙwaryar birni da kewaye ƙananan hukumomi takwas ne: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Babu wata majalisa guda ta birni da mazauni zai je ya tsaya a gabanta. Filayen birni na hannun gwamna. Izinin gini na hannun KNUPDA. Takardun fili na ma'aikatar ƙasa. Jami'ar kuwa ta tarayya ce, Abuja take kallo. Shugaban ƙaramar hukuma, wanda ya fi kowa kusa da mutane, ba shi da ta cewa a kan ko taku ɗaya na filin da aka ayyana a matsayin na birni. Saboda haka idan mutumin unguwa ya ga ana kafa turaku a bayan gidansa, sai ya fara zagaye: wannan ofis ya ce ba mu ba ne, wancan ya ce oga ba ya nan, na uku ya ce a rubuto. Ranar rusau kuwa duk sai ga su sun haɗu a ayari guda, da motocin jami'an tsaro a gaba da baya. Haɗin kan da ya gagara wajen sauraron jama'a bai taɓa gagara wajen rushe musu gida ba.

Kada kuma wani ya fake da cewa jami'a ta tarayya ce. Tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar jihar Legas da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Ma'ana alhakin abin da ake ginawa da abin da ake rushewa a Kano yana wuyan gwamnatin Kano.

Damuwar maƙwabtan jami'a ma ba ta tsaya kan rusau kaɗai ba, kuma wannan ɓangaren ne ba a cika kawo shi a labarai ba. Katanga mai tsawon kilomitoci tana yanke hanyar gona da ta kasuwa, ta mayar da tafiyar minti goma ta zama ta awa. Tana toshe burtali. Idan aka ja ta ba a bar wa ruwa mafita ba, ranar da aka yi mamakon watan Agusta ruwan da ya saba bin kwari ya wuce sai ya daki bulo ya dawo, ya shiga tsakar gidaje, ya jiƙa gindin ginin ƙasa, da asuba a ji ɗaki ya zauna. Ga tifofi da ke ragargaza 'yar hanyar da mutane suka yi aikin gayya suka cike, ga ƙura, ga kuɗin haya da ke tashi da zarar ɗalibai sun fara neman ɗaki a unguwa. Ƙasar nan na da dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli tun 1992, wadda ta tanadi a baje rahoto jama'a su gani su yi magana. Ku shiga kowace unguwa da ke jingine da katangar wata jami'a ku tambayi dattawan da ke zaune a ƙofar masallaci ko an taɓa karanta musu irin wannan rahoto da Hausa.

Masu cewa haka ci gaba yake a ko'ina su leƙa inda suke yawan kafa misali da shi. A birnin New York na Amurka, Jami'ar Columbia ta fara gina zauren wasanni a filin shaƙatawa na Morningside a 1968, aka tsara wa baƙaƙen fatan unguwar Harlem da ke maƙwabtaka ƙofarsu daban ta ƙasa. Mutanen unguwa da ɗalibai suka tayar da ƙayar baya, dole aka watsar da aikin. Da jami'ar ta dawo bayan kusan shekara arba'in tana neman eka 17 a unguwar Manhattanville, sai da ta bi ta gaban kwamitin unguwa, wanda ya ƙi amincewa, sannan majalisar birni ta kaɗa ƙuri'a a fili a Disambar 2007. A 2009 jami'ar ta sa hannu kan yarjejeniya da al'umma, ciki har da asusun dala miliyan 76 na ayyukan unguwa. Ba a yi wa kowa adalci ba, an karɓe wa wasu 'yan kasuwa wurarensu da ƙarfin doka, kotun ƙolin jihar ta goyi bayan hakan a 2010, kuma har yau akwai masu ƙorafi. Amma duk wanda ya sa hannu an san sunansa, duk wanda ya kaɗa ƙuri'a an san inda ya kaɗa, kuma da rana tsaka aka yi.

Mu kuwa da dare. Wannan kaɗai ya isa tuhuma. Hukumar da ta yarda tana kan gaskiya, tana riƙe da takardar kotu da shaidar ta ba da wa'adi, me zai sa ta jira sai mutane sun shiga ɗaki? Ana fita aikin dare ne idan ana gudun ido. Kuma duk wanda ya tura ma'aikata da bindigogi cikin unguwa a duhu, inda mutum zai farka ya ji ana dukan bangon maƙwabcinsa, ya san abin da zai iya biyo baya. Ba a buƙatar digiri kafin a hango wannan.

Abin takaici, Kano ta riga ta ɗanɗana kuɗar rusau na gaggawa. A watan Yunin 2023 aka rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, daga baya Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnatin jiha ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30. Waɗancan 'yan kasuwa ne masu ƙungiya da lauyoyi. Mutumin Rimin Zakara da kuɗin motar zuwa kotu ma sai ya ranta, wa zai tsaya masa?

Gwamna Abba Kabir Yusuf ya je ta'aziyya, ya yi alkawarin tallafa wa iyalan mamata. Ya kyauta, kuma wajibinsa ne. Amma ta'aziyya ba ta maye gurbin bayani, buhun shinkafa kuma ba ya amsa tambayar wa ya ba da umarni. Aikin rusau ba ya tashi da kansa. Akwai wanda ya rubuta buƙata, akwai wanda ya amince, akwai wanda ya nemi rakiyar jami'an tsaro, akwai wanda ya zaɓi lokacin, akwai wanda ya ɗana kunama. Kowannensu yana da suna da muƙami da albashin da ake biyansa daga dukiyar jama'a.

Ita ma jami'a ba za ta naɗe hannu ta ce ita dai filinta take so ba. Gidan da ke koyar da shari'a da tsara birane da nazarin zamantakewa, wanda malamansa ke rubuta maƙaloli kan rikicin filaye, ya fi kowa sanin cewa ba a zaman lafiya da maƙwabcin da aka binne masa ɗa saboda katangarka. Ta fito da taswirar iyakarta ta manna a inda kowa zai gani, ta zauna da dagatai da masu unguwanni da matasa kafin ta kafa turke na gaba. Gwamnati kuma ta buɗe kundin diyya, ta bi sawun waɗanda suka yanka filin suka sayar, manya da ƙanana. Majalisar dokokin jiha, wadda Ungogo ke da wakili a cikinta, ta kira shugabannin ma'aikatar ƙasa da na KNUPDA da na jami'a su zauna a zaure guda a gaban 'yan jarida, a ajiye musu takardar umarnin rusau a kan tebur, a tambaye su sa hannun waye a ƙasanta.