Marin aji 9 ya biyo 'yata har ƙofar jami'a

Tun ranar Alhamis raina a ɓace yake, ko abinci ba ya shiga. 'Yata tana aji 12 a wata sakandare a nan Bronx, cikin birnin New York na Amurka, tana neman jami'a. Tun farkon Satumba ta roƙi malamar da ta koya mata kemistiri ta rubuta mata wasiƙar shaida, malamar ta amsa da fara'arta. Sai da ya rage kwana 9 a rufe karɓar takardun 1 ga Nuwamba malamar ta tsayar da ita bayan an tashi, ta ce wai zuciyarta ba za ta bar ta ta rubuta wasiƙar ba tare da ta ambaci dakatarwar da aka taɓa yi mata ba.

Wace dakatarwa? Tana aji 9, shekararta 14, wani yaro ya fizge mata hijabi ta baya a ɗakin cin abinci, gaban kowa. Ta juya ta wanka masa mari. Aka kore su gida su biyun na kwana uku. Na je na sa hannu, na dawo na yi mata faɗa har ta yi kuka, duk da ni ma zuciyata tafasa take. Daga ranar zuwa yau ko kallon banza ba a sake cewa ta yi wa wani ba. Kuma wannan malamar ba ta wurin, ba ta ma san 'yata ba a lokacin. A bakin 'yan uwanta malamai ta tsinci labarin.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, Common App, shafin neman gurbin karatu wanda jami'o'i fiye da 1,000 ke karɓar ɗalibai ta hanyarsa, ya cire tambayar horon makaranta daga fom ɗinsa tun 2021, ya cire ta har daga rahoton da makaranta ke cikewa. Da bakinsu suka faɗi dalili: yara baƙar fata sun fi shan wannan hukunci nesa ba kusa ba, kuma tambayar tana sa wasu su fasa tura takardunsu. To an toshe ƙofa, sai malama ta ɗauko maganar za ta shigo da ita ta taga? Na san akwai jami'o'in da har yanzu suke tambaya a nasu shafin. Idan sun tambaya, 'yata za ta faɗi gaskiya, ta faɗi hijabin, ta faɗi marin. Amma a ce wani ya rubuta "an taɓa dakatar da ita saboda faɗa" a layi ɗaya, wanda bai san ta ba ya karanta a ofis, me zai ɗauke ta? 'Yar daba.

Kuma wasiƙar ba gani za mu yi ba. Dokar FERPA ta 1974 ta ba ɗalibi damar duba abin da ke cikin fayil ɗinsa, amma fom ɗin yana tambayar ko ka yafe wannan damar, kowa kuma yana cewa a yafe don jami'a ta yarda da wasiƙar. Mun yafe tun a Satumba, bisa amana.

Ranar Litinin na bar aikina, na yi asarar kuɗin yini, na je wurin mai ba ɗalibai shawara. Minti arba'in ina zaune a benci. Da ya fito ya ce wasiƙa ta malama ce, ba ya da ikon sa mata baki. Na ce to ku nuna min a rubuce ƙa'idar makarantarku kan abin da ake faɗa wa jami'a da abin da ba a faɗa. Ya ce zai turo min ta imel. Har yanzu shiru. Idan malamar tana da shakku a kan yarinyar, me ya hana ta ce a'a tun ranar farko, mu nemi wani? Wata biyu tana riƙe da mu!

Mun cire sunan malamar. Malamin lissafi ya karɓa, Allah ya saka masa, amma ya ce wasiƙu sun yi masa yawa, ba zai gama kafin ranar ba. Zagayen Nuwamba ya wuce mu, sai na Janairu.

Jiya da dare na same ta a kicin, kwamfuta a buɗe, ba ta rubuta komai. Ta ɗago ta ce, "Umma, da na sani da na bar shi ya tafi da hijabin." Na rasa abin da zan ce mata, na juya na kunna famfo don kada ta ga idona.