Kaye da bik ba sa kai yaro jami'a

Maganar da aka yi a taron iyayen yara na nan Damagaram ranar Asabar ta tsaya mini a rai. Waɗanda suke wurin sun ji da kunnuwansu, waɗanda ba su zo ba kuma labari ya riga ya iske su a fada. A ce yarinya daga cikin yaran gudun hijira ta ci BAK, jarrabawar kammala sakandare, ta rasa rajistar jami'a saboda takarda guda, sannan dattijo mai furfura ya miƙe ya ce wai "ai sai ta gode Allah da aka bar ta ta zauna aji ɗaya da ƴaƴanmu". Alhaji, da girmanka da komai, wannan magana rashin tausayi ce. Shirun da manyan wurin suka yi kuma ya fi maganar ciwo.

Yarinyar nan ba ta faɗi jarrabawa ba, ci ta yi. Abin da ta rasa mutum ne, mutum ɗaya tak da ya san hanya, wanda zai buɗe dosiyenta tun watanni kafin lokaci ya ce mata, ƴata, wannan takardar ba za ta wuce ba, tashi mu je a gyara.

Na ga takardun da idona. A cikin leda baƙa take ajiye su, an naɗe da wani tsohon ɗankwali, gefensu duk ya ci ruwa. Takardar firamarenta ta Najeriya ta rubuta sunanta da na mahaifinta yadda ake rubutawa can, ta nan Nijar kuma ta rubuta su da rubutun Faransanci, harafi biyu uku sun bambanta, shekarar haihuwa ma ba ta zo ɗaya ba. Ga wanda ke zaune bayan tebur, mutum biyu ne. Uwarta ba ta yi lakwal ba, uban ya rasu tun gudun farko. To wa zai gaya mata akwai hukuncin kotu da ke tsayawa a madadin takardar haihuwa, kuma ana neman shaidu, kuma abin yana cin makonni? Ɗanka kai Alhaji yana da kawu a ma'aikata, yana da yaya da ya gama jami'a, waya ɗaya ta ishe shi. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai in ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Abin da nake ta faɗa ke nan shekara da shekaru ana ganin kamar surutu ne. Duk farkon shekarar karatu za a tara yaran nan, a raba musu kaye da bik da jaka, a ɗauki hoto, a watsa a Facebook, kowa ya kama gabansa. Ban raina kyauta ba, Allah ya saka wa mai bayarwa. Amma kaye ba ya gaya wa yaro bambancin seri A na adabi da seri D na kimiyya. Bik ba ya faɗa masa cewa in likitanci yake so, tun daga ajin farko na lise ake ɗaukar hanyar, ba ranar da sakamako ya fito ba. Mutum ne ke yin wannan.

Kuma ku daina yi kamar daga sama yaran nan suka faɗo. Tun da Damasak ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen 2014, aka kai wa Bosso da Diffa hari a watan Fabrairun 2015, mutane suke ta kwararowa yamma. Wasu sun tsaya a sansanin Sayam Forage, wasu sun biyo kwalta fiye da kilomita 400 har Damagaram, suka raɓe wurin dangi a Garin Malam da Sabon Gari da Karkada. Yaron da aka riƙo hannunsa a lokacin yana ɗan shekara 7 ko 8, yau shi ne a tarminal, ajin ƙarshe na lise. Ga na jihar Maradi da suka tsero daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019. Ga namu na jini, yaran Kance da Matamaye da ake maidowa daga Aljeriya ta Assamaka, sun yi shekaru ba su ga allo ba. Duk suna cikinmu, tare muke sallah, tare muke cin kasuwar Dole.

Wai "namu ma ba su samu ba". Wannan ita ce waƙar da ake yi mini kullum, kuma na gaji da ita. Wa ya hana ka taimaki naka? Awa biyu da wani malami zai ba yaron ɗan gudun hijira ranar Lahadi, daga aljihun ɗanka aka cire su? Mafi yawan masu wannan maganar ban taɓa ganin sun zauna da ko ɗan maƙwabcinsu sun duba masa darasi ba. Wai kuma "ai gida za su koma". Su koma mana, in Allah ya kawo lafiya. Gara su koma da digiri a hannu da su koma da fushi a zuciya. Mu da muka san yadda zaman banza ya mai da wasu samarinmu a ƴan palai, wato ƴan daba, mu ne za a koya wa abin da ke faruwa da saurayin da aka rufe wa kowace ƙofa?

Sai masu cewa aikin ƙungiyoyi ne. To ku ji. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta ce a 2019 kusan kashi 1 cikin 100 ne kawai na matasan ƴan gudun hijira ke karatun gaba da sakandare, ya hau zuwa kashi 7 a 2023, burinta kuma ya kai 15 nan da 2030. Akwai DAFI, tallafin karatun jami'a na ƴan gudun hijira, da Jamus ta kafa tun 1992, amma wuraren kaɗan ne, masu nema kuma tuli. Kuma ko wannan ɗin, sai yaro ya ji labarinsa, ya san lokacin da ake buɗewa, ya iya rubuta wasiƙar neman da za a karanta har ƙarshe. Yaran Diffa da suke ƴan ƙasa suna da haƙƙin neman burus a ANAB, hukumar ba da tallafin karatu ta ƙasa, kamar kowa, da sharuɗɗanta na maki da shekaru. Nawa ne cikinsu aka zaunar aka yi wa bayani? Kun ga mun sake dawowa kan mutum.

Akwai wani yaro da ke zuwa wurina da dare, ya fara karatunsa da Ingilishi a Barno. In na ba shi lissafi da Faransanci sai ya ƙura wa takardar ido, yana juya bik, gumi na tsattsafo masa a goshi. In na karanta masa tambayar da Hausa, kafin shayi ya tafasa ya gama, kuma daidai. Kansa lafiya lau, harshe ne ya tsaya masa a gaba. Yanzu da kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya kamata a ce mun daina jin kunyar yi wa yaro bayani da ita har ya samu ƙafa a Faransancin. Wannan yaron in ba a riƙe shi ba, za a rubuta masa 6 bisa 20 a filozofi, a ce daƙiƙi ne, ya ƙare a kan kabu-kabu.

Ku ɗaliban Jami'ar André Salifou, da ku nake musamman. Kun bi hanyar nan jiya jiya, kun san inda ake tuntuɓe. Kowannenku ya ɗauki ƙane ɗaya ko ƙanwa ɗaya, ya duba takardunsa tun watan Oktoba, ya raka shi ya ga amfi, babban ɗakin lacca, da idonsa, ya nuna masa ofishin CROU mai kula da walwalar ɗalibai. Malamanmu da suka yi ritaya, ku ma haka. Garin da tushen sarautarsa daga Barno yake, garin da unguwar Zango ta tashi don saukar baƙi da ayari, bai kamata a ji irin maganar Asabar a cikinsa ba.

Af, tunda ana maganar karatun dare: don Allah me ya sa ake garƙame ajujuwa da kwaɗo tun la'asar, alhali rabin yaran unguwa ba su da wuta a gida? Ga zafin Afrilu da Mayu, ga ɗauke wuta, ga ƴan mata da ke kwana a layin famfo saboda matsalar ruwan garin nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sannan gari ya waye a ce su zauna jarrabawar gwaji ƙarfe 8. Aji ɗaya da fitilar sola da mai gadi, nawa zai ci? Masu kwamitin iyaye, ku kawo wannan a taro na gaba, ni zan zo da lissafin kuɗin.