Me ake nufi da ingancin rigakafi kashi 95 cikin ɗari?

Da yawa suna ɗauka cewa mutum biyar cikin kowane ɗari da aka yi wa allurar za su kamu. Ba haka ba ne. Kwatanci ne tsakanin rukuni biyu masu kusan yawa ɗaya. A gwajin rigakafin korona da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi a 2020, mutum 170 suka kamu da korona: 162 daga waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri wadda ba ta ɗauke da rigakafi, 8 kacal daga masu rigakafin. Raba 8 da 162, za ka samu kusan kashi 5, wato haɗarin ya ragu da kashi 95. Sai dai a kula, adadin ya shafi cutar da ta nuna alamu ne a watannin gwajin, kuma sabon nau'in ƙwayar cutar yana iya sauya shi.