Gwarzon kokawar Paris ba Mijaín López ba ne

Duk inda masu bibiyar wasanni suka tayar da zancen kokawar Olamfik ta Paris 2024, a rediyo ne ko a Facebook, kafin a ƙarasa tambayar wa ya fi kowa an riga an ba da amsa: Mijaín López na Kyuba. Sai a ɗora hoton nan nasa, ya durƙusa ya cire takalmansa ya ajiye a tsakiyar fili alamar ya yi ritaya, a ce magana ta ƙare. Ni kam wannan amsar ba ta gamsar da ni ba, domin amsar wata tambaya ce daban da wadda aka yi.

Ba wanda ke musun girman López. Zinare 5 a jere, daga Beijing 2008 zuwa London, Rio, Tokyo da Paris, a wasa ɗaya na mutum guda, ba a taɓa yin haka ba a tarihin Olamfik, kuma ya ɗauki na ƙarshen yana da shekara 41. In tambayar ita ce wane ɗan kokawa ya fi kowa tarihi, a miƙa masa, mu tafa. Amma gwarzon gasa shi ne wanda ya fi kowa nuna bajinta a cikin kwanakin gasar, daga 5 zuwa 11 ga Agusta, a filin Champ de Mars. Huɗu daga cikin zinaren López ba a wannan filin ya ci su ba. Masu sharhi kwashe shekara 16 suke yi su zuba a kan sikelin mako guda, sannan su yi ta mamakin yadda ya rinjaya.

A Nijar ba a wannan gardama. Kokawar takobi ba ta da rukunin nauyi, wanda ya rage ba a ka da shi ba shi ne sarki, kuma ko Issaka Issaka na Dosso, da duk takubban da ya tara, in aka ka da shi a bana sai ya koma gefe ya yi kallo. Olamfik kuwa zakaru 18 take fitarwa, 6 a kokawar maza ta sake wadda ake iya kama ƙafa, 6 a ta Girka da Rum wadda ba a kama ƙafa, 6 a ta mata, kuma ba ta naɗa ɗaya a kansu. Shi ya sa aikin ya faɗo hannun 'yan jarida, su kuma labari mai sa hawaye suke nema.

To a duba abin da López ya yi a Paris. Ya ci ɗan Koriya ta Kudu 7-0, ya ci Amin Mirzazadeh na Iran 3-1, ya ci Sabah Shariati na Azarbaijan 4-1, sannan ya ci Yasmani Acosta 6-0 a wasan ƙarshe. Aiki ne mai tsafta, na dattijon da ya san inda zai kashe ƙarfinsa da inda zai adana. Amma duka wasannin huɗu sai da agogo ya cinye mintunansa shida. Bai danne kafaɗar kowa a ƙasa ba, bai kuma ba kowa ratar maki 8 da ke tsayar da wasa a salonsa na Girka da Rum ba. Tsohon abokin hamayyarsa, Rıza Kayaalp na Turkiyya, bai zo Paris ba. Shi kuwa Acosta haifaffen Kyuba ne da ya daɗe yana atisaye a bayan López kafin ya koma wa ƙasar Chile. Ban ce an sayar da wasa ba. Na ce wasan ƙarshen bai sa kowa ya tashi tsaye don fargaba ba.

Yanzu a ɗauko Akari Fujinami ta Japan, rukunin kilo 53, mai shekara 20. Ta shiga gasar watanni kaɗan bayan an yi mata tiyata a gwiwar hannu. Wasanta na farko da Dominique Parrish ta Amurka ne, wadda ta ci gasar duniya a wannan rukunin a 2022. Ta danne ta. Na biyu da Khulan Batkhuyag ta Mongoliya, wadda ta zo ta biyu a waccan gasar duniyar. Ita ma ta danne ta. A kusa da na ƙarshe ta haɗu da Pang Qianyu ta Sin, mai azurfar Tokyo, ta ba ta 10-0, ratar da ke tsayar da wasa a kokawar mata. A na ƙarshe ta ba Lucía Yépez ta Ekwado 10-0. Mata huɗu, kowacce da lambar yabon duniya ko ta Olamfik a wuyanta, kuma ba wadda ta kai ƙarshen lokaci a tsaye. Abin da ya fi burge ni shi ne na Yépez, domin ita ce ta wahalar da Fujinami a gasar duniya ta Belgrade a 2023, ta ci ta maki har 7 kafin a danne ta. Shekara guda bayan nan ko ɗaya ba ta samu ba. Wanda ya san kokawa ya san abin da wannan ke nufi: an koma gida an zauna an yi nazarin abokiyar karawa har an toshe duk wata ƙofa.

Za a ce ai Fujinami ma tana da tarihi, nasara 137 a jere daga 2017 zuwa ƙarshen gasar Paris. Gaskiya ne, kuma shi ma na ajiye shi gefe, don ba zan hana López abin da zan ba ta ba. Wasanni huɗun nan kaɗai sun wadatar.

Wasu na kawo Akhmed Tazhudinov, ɗan Dagestan da ke yi wa Baharen wasa a kilo 97, wanda ya doke Kyle Snyder na Amurka, mai zinaren Rio, kuma ya danne ɗan Jojiya a wasan ƙarshe. Shi ne kaɗai zan saurari hujjarsa, amma mutumin da ya tsira da kyar 4-3 a wasansa na farko ba shi ya mamaye gasa ba. Masu cewa Vinesh Phogat ta Indiya kuwa, don ta karya Yui Susaki ta Japan wadda ba a taɓa doke ta a wasan ƙasa da ƙasa ba, sannan aka kori Phogat ɗin saboda nauyinta ya zarce na rukuninta da gram 100, tausayi ne ke magana a bakinsu.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Da a ce namiji ne mai kilo 125 ya bi ta kan zakaran duniya da mai azurfar Olamfik haka, ba tare da ko wasa ɗaya ya kai ƙarshe ba, da har yau ana maimaita bidiyonsa. Kaori Icho, ita ma 'yar Japan, ta ci zinare 4 a jere daga 2004 zuwa 2016, tun López yana da 3, amma mutum nawa ne cikin masu rantsuwa da tarihi suka san sunanta? Ashe tarihin ma zaɓensa ake yi. Mu a nan ya kamata abin ya fi damunmu, tunda lambar kokawa ɗaya tilo da Najeriya ta taɓa samu a Olamfik mace ce ta kawo ta, Blessing Oborududu, azurfar Tokyo. Amma da zarar an ce gwarzon kokawa, ƙato mai faɗin ƙirji muke hangowa.

Hukumar kokawa ta duniya, UWW, tana da kowane maki a rubuce: wa aka kara da shi, matsayinsa, minti nawa wasan ya ɗauka, maki nawa aka ci mutum. Kafin Los Angeles 2028 ta fito da ma'auni a fili, ta naɗa gwarzon gasa da shi, ta kuma ware wata lambar girmamawa daban ga masu ajiye takalmi. In ta bar wa masu rubuta kanun labarai, za su sake zaɓar wanda ya fi tsufa.