Bf 109 ba jirgi ɗaya ba ne

Abin nan ya daɗe yana damuna wallahi, duk sanda aka tada hirar yaƙin duniya na biyu sai ka ji ana musu wai tsakanin jirgin saman yaƙi Messerschmitt Bf 109 na Jamus da Spitfire na Ingila wanne ya fi gudu, kamar dai Bf 109 ɗin jirgi ɗaya ne tun farkon yaƙin har ƙarshensa. Ban ga laifin masu wannan tunani ba, sunan bai canza ba kuma a hoto duk kamarsu ɗaya.

Amma fa samfuri-samfuri ne. Na farko ya tashi a 1935, kuma abin mamaki injin Rolls-Royce na Ingila aka sa masa saboda na Jamus bai kammalu ba. Samfurin E da ya yi yaƙi a sararin Ingila a 1940 yana yin wajen kilomita 560 a awa, shi kuwa K-4 na ƙarshen yaƙin ya haura 700. A tsakani akwai F da aka gyara wa bakin fiffike ya zama zagayayye, sai G da aka fi ƙerawa, an sa masa injin DB 605 da manyan bindigogi har sai da murfin injin ya yi ƙusumbi gefe biyu, ya ƙara nauyi kuma juya shi ya ƙara wuya. Dalili kuwa abokan gaba kullum suna inganta nasu, dole Jamusawa su ma su bi.

Kamar Corolla ce, ta 1980 da ta bana suna ɗaya amma ba mota ɗaya ba. Shi ma Spitfire ɗin haka yake, don haka sai an faɗi wane samfuri da wace shekara kafin musun ya yi ma'ana.